FILIN SANA'A: Samarin Arlit da koyon kaɗa gita

A wannan wata filin sana'a ya nufi arewa, jahar Agadas, garin Arlit da Akokan. Maganar ita ce ta kayan kiɗan nan mai tsirkiya shida da ake kira gita, wasu kuma su ce jita. Yara da yawa a can suna son koyonta, amma ba su san ta inda za su fara ba. Iyaye da yawa kuma suna tsoron kada ta lalata musu yara. Ga bayani domin yaran, ga kuma bayani domin iyayen.

GARIN DA ƘARFE YA KAFA

Arlit tana da nisan wajen kilomita 240 arewa da Agadas. Ba tsohon gari ba ne. An kafa shi a shekarar 1969 saboda ƙarfen uraniyom da aka gano a ƙarƙashin ƙasa. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da ƙarfen a 1971. Kamfanin COMINAK ya fara nasa a 1978, aka gina garin Akokan domin ma'aikatansa. Mutane suka yi ta zuwa neman aiki daga ko'ina: Abzinawa, Hausawa, Zabarmawa, Fulani, Barebari da Tubawa. Farin 1973 da na 1984 ya kashe dabbobi masu yawa, makiyaya da dama suka bar daji suka zauna a bakin gari.

Ran 31 ga watan Maris na 2021 COMINAK ta rufe raminta. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da masu ƙananan kwangiloli da ke ci a ƙarƙashinta. Yaron da ubansa ya yi aikin rami ba shi da tabbacin zai gaje shi. Shi ya sa kowace sana'a ta hannu take da daraja a garin, har da kiɗa. Ana kiran makaɗan gita wurin biki da suna, ana biyan su. Amma wanda ya iya ake kira.

INDA KIƊAN YA FITO

Kafin gita ta zo, Abzinawa suna da nasu kayan kiɗa. Akwai tende, wato turmi da ake rufe bakinsa da fata, mata suna kaɗawa suna waƙa ana tafi. Akwai anzad mai tsirkiya ɗaya, ɗan'uwan goge, shi ma mata ke kaɗa shi. Da fari ya kori samari zuwa Aljeriya da Libiya neman abinci, can suka haɗu da gita. Ana kiran samarin nan ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. Suka ɗauki kiɗan tende da waƙoƙin gida suka ɗora su a kan tsirkiyar gita. Ana kiran irin wannan kiɗa assuf, ma'anarsa kewa.

A Nijar wanda ya buɗe hanya shi ne Abdallah ag Oumbadougou. An haife shi a ƙasar Abzin wajen 1962. Ya sami gita tun yana saurayi, ya koya wa kansa ba malami. Ya kafa ƙungiyar Takrist n'Akal, ma'anar sunan gina ƙasa. Lokacin tawayen da ya fara a 1990 an hana sauraren kaset ɗinsa, mutane suna kwafa suna miƙa wa juna a ɓoye. Da aka sa hannu a kan sulhu ran 24 ga watan Afrilu na 1995, waƙarsa ta fito fili. Ya buɗe makarantar koyon kiɗa a Arlit a shekarar 2000, daga baya ya buɗe wata a Agadas. Allah ya yi masa rasuwa a farkon watan Janairu na 2020.

BA SAI DA KUƊI AKE FARAWA BA

Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da suna Mdou Moctar, haifaffen jahar Tawa ne, amma ya yi ƙuruciya a Arlit. Ya ji kiɗan Abdallah, abin ya shiga ransa. Gidansu ba su yarda da kiɗa ba, kuma ba shi da kuɗin sayen gita. Sai ya sami itace da wayar birkin keke ya haɗa tasa, yana koyo a ɓoye. Bahago ne, da hannun hagu yake kaɗawa. A 2008 ya je Sakkwato ya naɗi faifansa na farko mai suna Anar. Daga baya ya yi wasa a Amurka da ƙasashen Turai, ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024.

Ibrahim ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen ta ƙasar Mali shi ma da gwangwani da sanda da wayar birki ya fara. Ƙungiyar Etran de L'Aïr ta Agadas ta fara a 1995 da gita ɗaya tak. A lokacin gangarsu ƙwarya ce da aka kifa a kan ruwa, ana buga ta da takalmi. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad, kusa da Abalak, da gitar ɗan'uwanta ta koya, har ta kafa ƙungiyar mata da ta yi yawon ƙasashe.

Labarin Bombino ya fi kusa da makiyaya. Sunansa Omara Moctar, an haife shi a Tidan a 1980. Iyayensa sun yi gudun hijira zuwa Tamanrasat a 1990. Can wasu dangi suka bar gita a gidan, ya ɗauka ya fara taɓawa. Daga baya ya zauna a hannun wani gwani mai suna Haja Bebe. Ya yi kiwo a Libiya, yana lura da dabbobi yana gwajin tsirkiya. Faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar kyautar Grammy ta Amurka, shi ne ɗan Nijar na farko da ya kai nan.

Akwai gargaɗi ɗaya ga mai son haɗa gitarsa da hannunsa a Arlit ko Akokan. Kada ya yi amfani da tarkacen ƙarfe ko waya da suka fito daga wurin haƙar uraniyom. A 2003 masana daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghir in'Man ta Arlit, sun auna irin wannan tarkace da ake sayarwa a gari, suka tarar wasu suna da gubar da ido ba ya gani. Gita kuwa abu ne da ake rungumewa a ƙirji kullum. Wayar keke da gwangwanin mai na kanti sun isa.

SAITA TSIRKIYA

Aikin farko na mai koyo shi ne saita tsirkiya. Gitar da ba a saita ba, ko gwani ya kaɗa ta ba za ta yi daɗi ba. Yaro da yawa yana tsammanin hannunsa ne bai iya ba, alhali tsirkiya ce ta saki.

Tsirkiyoyi shida ne. In aka fara ƙirga daga mai kaurin da ke sama, sunayensu su ne Mi, La, Re, Sol, Si, Mi. A wuyan gita akwai ƙananan ƙarafa a gicciye, sun raba shi gaɓa-gaɓa. Ga yadda ake yi:

1. A danne tsirkiya ta ɗaya a gaɓa ta 5, a kaɗa. Muryarta ta zama daidai da ta tsirkiya ta biyu wadda ba a danne ba. In ba su yi daidai ba, a murɗa kunnen ta biyu a hankali har su haɗu.
2. A danne ta biyu a gaɓa ta 5, a daidaita ta uku da ita.
3. A danne ta uku a gaɓa ta 5, a daidaita ta huɗu.
4. A danne ta huɗu a gaɓa ta 4, a daidaita ta biyar. Nan kaɗai ne ake danne gaɓa ta 4.
5. A danne ta biyar a gaɓa ta 5, a daidaita ta shida.

Makaɗan Abzin da yawa sukan ƙara ɗaure tsirkiya mai kauri har ta tashi daga Mi ta kai Sol, domin ta riƙa amsa wa sauran. Mai koyo ya bari sai ya iya saitin farko kafin ya gwada wannan, kuma ya murɗa a hankali kada ta tsinke. Wayar salula tana iya ɗaukar abin auna murya, yana taimako. Amma kunne ya fi, don kunne ba ya neman caji.

AIKIN HANNU BIYU

A kiɗan Abzin babban yatsa na hannun da ke kaɗawa yana tsaye a kan tsirkiya mai kauri. Yana bugun ta ba tsayawa, kamar yadda tende ke riƙe da rawa. Manuni kuma yana fitar da waƙar a kan siraran tsirkiyoyi na ƙasa. Wanda ya taɓa ganin mai gurmi ko mai molo ya san irin wannan hannu. Mai koyo ya fara da babban yatsa shi kaɗai, har kwana bakwai, yana buga ƙafa a ƙasa tare da shi. Sai ya ji bugun ya zauna sannan ya shigo da manuni.

Ɗaya hannun yana danne tsirkiya. A danna da kan yatsa, dab da bayan ƙarfen gaɓa, ba a kansa ba. A yanke farce. In murya ta fito tana ƙaraurawa, yatsa bai matsa kusa da ƙarfe ba ne, ko ya taɓa tsirkiyar maƙwabciya. Ado biyu ne suka fi yawa a wannan kiɗa. Na ɗaya, a kaɗa tsirkiya sannan a sauke yatsa a kanta da ƙarfi, murya ta hau ba tare da an sake kaɗawa ba. Na biyu, a fizge yatsa daga kanta, murya ta sauka. Su ne ke sa gita ta yi kamar anzad.

Yawancin waƙoƙin nan a kan muryoyi biyar suke tafiya, misali La, Do, Re, Mi, Sol. Kiɗan gargajiya na Hausa da yawa ma haka yake. Wanda ya san inda muryoyin nan biyar suke a wuyan gita ya sami mabuɗin waƙoƙi masu yawa. Bahago ya juya gitar ya sake jera tsirkiyoyi, kada a tilasta masa dama.

YAU DA GOBE

Kan yatsu zai yi zafi a makon farko. Wannan ba ciwo ba ne. Cikin mako uku ko huɗu fata za ta yi kanta, kamar hannun mai jan guga. In fata ta fashe, a huta kwana biyu.

Minti 20 kullum ya fi yini guda cur a mako. Hannu yana koyo da maimaici, kamar yadda ɗan makarantar yaƙi da jahilci ke koyon baƙi da rubuta shi kowane dare. Ana iya raba lokacin uku: minti 5 na saiti da motsa yatsu, minti 10 na wurin da ke ba da wuya, minti 5 na abin da aka riga aka iya domin rai ya yi daɗi. Kuskuren yawancin yara shi ne su yi ta maimaita abin da suka iya, su guje wa wurin da ke kayar da su.

Gaggawa ita ce babbar abokiyar gaba. Yaro ya ji Mdou Moctar yana gudu a kan tsirkiya, shi ma ya ce sai ya yi gudu. Abin da ba a iya shi a hankali ba, ba za a iya shi da sauri ba. A ɗauki guntun waƙa, a kaɗa shi sannu-sannu sau goma ba kuskure, sannan a ƙara sauri kaɗan. Da rarrafe yaro kan tashi.

Mai koyo ya zaɓi waƙa ɗaya ya koye ta daga farko har ƙarshe. Waƙa ɗaya cikakkiya ta fi kawunan waƙoƙi goma. Ya naɗi kansa da salula kowace Juma'a, ya ajiye. Bayan wata biyu ya saurari na farko da na ƙarshe, zai ji inda ya ci gaba da inda ya tsaya. Ya kuma nemi abokin da zai yi masa tafi ko ya buga ƙwarya. Mai kaɗawa shi kaɗai yakan yi sauri wurin da ke da sauƙi, ya ja da baya wurin da ke da wuya, bai sani ba. Tafin aboki shi ke tona wannan. In an je biki, ya zauna inda zai ga hannun makaɗi, ya gaishe shi da ladabi bayan an tashi, ya yi tambaya ɗaya.

KULA DA GITA

Zafin Arlit yakan wuce awo 45 a lokacin bazara, ga iska mai ƙura. Gita itace ce da aka liƙa da danƙo. In aka bar ta a rana ko cikin mota a rufe, danƙon yakan saki, wuyan ya lanƙwashe. A ajiye ta a inuwa, a nannaɗe ta da zane ko tsohon rawani. Bayan kowane wasa a share tsirkiyoyi da busasshen tsumma, don gumi yana sa su tsatsa. In za a yi tafiya mai nisa a kan raƙumi ko bayan mota, a ɗan sassauta su. Siririyar tsirkiya ta ƙasa ita ta fi tsinkewa, ya kamata a ajiye ta canji. Mai farawa ba ya buƙatar gita mai lantarki. Wadda ba ta neman wuta ta fi dacewa da daji, kuma ta fi araha.

TSARA WAƘA

Kiɗa rabi ne, magana rabi. Abin da ya sa waƙoƙin Abdallah suka zauna a zukatan mutane shi ne sun faɗi abin da mutanen suke ciki: gudun hijira, kewar gida, neman haɗin kai. Sabon mawaƙi ya dubi abin da ke gabansa. Akwai rijiyar da ta ƙafe. Akwai taguwar da aka sayar don a sayi hatsi. Akwai uban da ya dawo gida ranar da aka rufe rami. Akwai ɗan'uwan da ya bi hanyar Asamaka bai aiko ba. Waƙar da ta ce duniya da wuya kowa ya riga ya ji ta. Waƙar da ta ambaci sunan rijiya da launin raƙumi ita ake tunawa.

Waƙa ɗaya, magana ɗaya. In an fara da fari kada a ƙare da budurwa. A fara neman amshi, don shi jama'a za su riƙe. Ya zama gajere, wanda yaro zai iya maimaitawa daga ji biyu. Bayan amshi ya samu sai a ɗora baitoci. Baiti uku ko huɗu sun isa ga mai farawa. A rera kowane layi ana tafi. Layin da ya fi ƴan'uwansa tsawo zai sa numfashi ya yanke, a rage shi. In ƙarshen layuka ya faɗa a kan sauti ɗaya, waƙar ta fi sauƙin hardacewa.

Mai waƙa da Hausa ya lura da hawa da saukar murya. Kuka na itace daban yake da kuka na hawaye. Fara mai cin gona daban take da fara aiki, daban kuma da farar saniya. In karin gita ya ja kalma inda ba ta saba zuwa ba, mai saurare zai ji wata magana dabam. A fara faɗin layin da baki kamar ana hira, sannan a nemi karin da ya bi shi. Gaɓar kalma mai tsawo ta sami bugu mai tsawo.

Kowa ya yi waƙa da harshen da ya tsotsa. Mdou Moctar da Bombino da Tamajak suke waƙa, bai hana a saurare su a ƙasashen da ba a jin ko kalma ɗaya ta harshen ba. A faifansa na 2024 Mdou Moctar ya yi waƙa mai suna Imouhar, yana kiran mutanensa su riƙe harshensu.

Nan ne karatu ke da amfani. Wanda ya iya rubutu da boko, ko ajami, ko tifinar, ya ajiye ƙaramin littafi a aljihu. Magana mai daɗi takan zo wurin kiwo ko bakin rijiya, in ba a rubuta ba kafin dare ta gudu. A rubuta, a bar ta ta kwana, a sake dubawa da safe. A rera wa tsohuwar gida. In ta kama amshi tana yi tana daka, waƙa ta yi.

WAƘA DUKIYA CE

Waƙoƙin faifan Anar sun bi katin salula daga hannu zuwa hannu har suka ratsa Sahara, masu saurare da yawa ba su san mai su ba. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji ɗaya a waya, sai da ya yi cigiya kafin ya gano mawaƙin. Saboda haka duk mai naɗar waƙa ya faɗi sunansa da garinsa a farkonta, ya rubuta ranar da ya tsara ta a littafinsa. A Yamai akwai ofishin kare haƙƙin mawaƙa da marubuta, ana kiran sa BNDA. Wanda waƙarsa ta fara yawo ya nemi yin rajista. Haka kuma wanda ya rera waƙar wani ya faɗi mai ita. Ɗaukar waƙar mutum a ce ta kai ce daidai yake da shiga garken wani.

GA IYAYE DA YARA

Tsoron iyaye yana da dalili. Wurin biki akwai daren banza, akwai abokan banza, akwai ƙwaya. Kuma cikin yara ɗari masu riƙe da gita kaɗan ne za su ci abinci da ita kaɗai. Yaron da ke son iyayensa su yarda ya nuna musu a aikace. Ya shayar da dabbobi kafin ya taɓa tsirkiya. Kada ya bar makaranta ko garka ko wurin koyon aiki. Kada ya kaɗa lokacin salla, ko kusa da gidan da ake zaman makoki. Kada ya zagi kowa ko wata ƙabila a waƙarsa, don Arlit gari ne na kowa da kowa.

Uba kuma, in ya ga yaro ya riƙe waɗannan, gara ya bar shi ya koya a tsakar gida inda ido ke ganin sa. Wanda aka hana a gida yakan tafi ya koya inda ba mai tsawata masa. A yanka masa lokaci, a tambaye shi wa yake bi, a saurari abin da yake faɗi a waƙarsa.

A wata mai zuwa filin sana'a zai sauka Agadas, wurin maƙeran azurfa da masu dukancin sirdin raƙumi. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye dabbobi, ya kai kowa lafiya.